KWAMFUTA MAI ARAHA: RIBA CE KO ASARA?



Wata magana tana yawo a cibiyoyin yaƙi da jahilci, daga Tanut har Belbeji. Maganar kwamfuta ce, irin wadda ake rufewa a sa cikin jaka. Wani ƙanensa ya komo da ita daga ci-rani. Wani ya gan ta a hannun malamin gona. Wani kuma ɗansa ɗan lakkol ya matsa masa: "Baba, a sayar da tumaki a saya mini, akwai mai araha a Damagaram."

To, kafin a ja tumaki zuwa kasuwar Bakin Birji, mu zauna mu yi shawara. Kuɗin talaka da gumi ake samun su. Wannan bayani zai nuna mana abin da na'urar take iyawa, da abin da ba ta iyawa, da abin da take ci bayan an saye ta.

MECE CE ITA?

A biro ana ce mata ordinatar. A rediyo ana ce mata kwamfutar tafi-da-gidanka. Tana buɗewa kamar littafi. Gefen sama gilashi ne kamar na tele. Gefen ƙasa maɓallai ne masu haruffa da lambobi. In ka taɓa harafi, sai ya fito a gilashi. Tana da batir a ciki, kamar salula.

Abu uku ne ƙarfinta. Mu kwatanta su da aikin sussuka.

Na farko, mai sussuka. Shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. In yana da ƙarfi, aiki ya yi sauri.

Na biyu, masussuka. Nan ne ake baza aikin da ake yi yanzu. Masu sayarwa suna ce masa RAM. In masussuka ta yi ƙanƙanta, sai dami ɗaya-ɗaya za a dinga kawowa, aiki ya yi nawa.

Na uku, rumbu. Nan ne ake ajiye takardu da hotuna da lissafi. Ko an kashe na'urar, abin da ke rumbu yana nan.

Ana auna masussuka da rumbu da wani mudu mai suna jiga. A jikin na'urar ana rubuta shi Go ko GB.

Kwamfuta mai araha iri biyu ce. Akwai sabuwa wadda aka rage mata ƙarfi don kuɗinta su sauka. Akwai kuma ta hannu, wadda aka yi aiki da ita a wata ƙasa, sannan aka kawo ta kasuwanninmu.

LABARIN KWAMFUTAR DALA 100

Neman kwamfuta mai araha don talaka ba yau aka fara shi ba. A shekarar 2005, wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya ce za a ƙera kwamfuta ta dala 100 saboda yaran ƙasashe matalauta. A kula, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A lokacin, kuɗin sun kai wajen jika 50. Sunan shirin shi ne kowane yaro da kwamfutarsa.

A watan Nuwamba na shekarar aka nuna samfurinta a birnin Tunis. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, yana wurin. An yi mata hannu na juyawa don ta ba kanta wuta, kamar na injin niƙa. A wurin nunin, hannun ya ɓalle. Daga baya aka bar maganarsa.

An soma ƙera ta da yawa a ƙarshen 2007, aka sa mata suna XO. Launinta kore da fari. An yi ta da dabara ƙwarai. Ana iya karanta gilashinta cikin rana. An rufe maɓallanta da roba saboda ƙura da ruwa. Amma kuɗinta ba su tsaya dala 100 ba, sun kai wajen 188.

Me ya faru da aka raba ta?

A Najeriya, an gwada ta a 2007 a wata makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja. Yara sun yi murna, sun iya ta da sauri. Sai dai an sha wahalar wuta da ta gyara. An yi maganar gwamnati za ta sayi miliyan ɗaya, amma cinikin bai faɗa ba.

A Peru, wata ƙasa ta Amurka ta Kudu, an raba dubu ɗaruruwa. Masu bincike suka bi makarantun ƙauye 319. A 2012 suka fito da sakamako. Yara sun iya taɓa na'urar, basirarsu ta ɗan ƙaru, amma karatu da lissafi ba su ƙaru ba.

A Uruguwai, ita ma a Amurka ta Kudu, an soma a 2007. Kafin ƙarshen 2009 kowane yaro na firamaren gwamnati ya samu tasa. Su ba raba na'ura kaɗai suka yi ba. Sun kai intanet makarantu, sun horar da malamai, sun shirya wuraren gyara. Shi ya sa shirinsu ya ɗore.

Darasin a fili yake. Hauya ba ta noma ita kaɗai. Na'ura ba ta koyar da kowa, sai da malami da wuta da mai gyara.

ABIN DA AKA GANI A ƘASARMU

Mu komo gida. A shekarun 2009 da 2010 an yi wani gwaji a cibiyoyin karatun manya na jihohin Dosso da Damagaram. Ƙungiyar CRS ce ta gudanar da shi, tare da masu bincike na jami'a. Sunansa ABC. Ƙauyuka 113 ne suka shiga.

A dukan ƙauyukan an koyar da karatu da lissafi iri ɗaya. Amma a wajen rabinsu an ƙara abu ɗaya. An koya wa ɗalibai aiki da ƙaramar salula mai maɓallai. Mutum biyar suna tarayya a salula guda. Suna koyon gane haruffa a jikinta, da rubuta saƙo, da aika shi.

Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka yi aiki da salula sun fi sauran a rubutu da lissafi. Watanni bayan an rufe cibiyoyi, har yanzu suna gaba. Dalili shi ne sun samu abin da za su yi da karatunsu kullum: saƙo ga ɗan'uwa a ci-rani, tambayar farashi a wata kasuwa.

Mu lura da abu biyu. Na'urar ƙarama ce, kuma ta tarayya ce. Sannan bayan an koyi harafi ne aka ba da ita. Haka ya kamata mu dubi maganar kwamfuta.

WANE AIKI ZA TA YI MANA?

Kwamfuta mai araha ta isa waɗannan ayyuka, ko babu intanet:

1. Lissafin rumbun tsimi. Sunan kowane mamba, tiya nawa ya ara, tiya nawa ya mayar, nawa ya rage. Na'urar tana haɗa jimla nan take. Ranar taro a buɗe, kowa ya ga layinsa. Gardama ta ragu.

2. Lissafin asusun mata, irin na Mata Masu Dubara. Zubin mako, da bashi, da riba.

3. Rubuta wasiƙa zuwa ga magajin gari ko ma'aikatar noma. In an yi kuskure, a goge a gyara, ba sai an sake takarda ba.

4. Ajiye farashin kasuwa. In sakatare yana rubuta kuɗin tiyar gero da na wake da na rago kowane mako, bayan shekara biyu ƙungiya za ta ga watan da kaya ke faɗuwa da watan da suke tashi. Ba za a dinga sayarwa da kaka a arha, a sayo da bazara da tsada, ido rufe ba.

5. Ƙidayar dabbobin da aka yi wa allura, da ranar da aka yi.

6. Aikin malamin cibiya. Yana iya rubuta labaran garinmu da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci, ya kai birni a buga, ɗalibai su samu sabon abin karantawa.

7. Kallon majigi na aikin gona: sassaben zamani, haƙa rabin wata, ajiye wake ba tare da ƙwari sun ci ba. Gilashinta ya fi na salula faɗi, mutum goma suna iya kallo tare.

ABIN DA BA ZA TA IYA BA

Ba ta gyara lissafin ƙarya. In an sa mata tiya 20 maimakon 12, haka za ta haɗa. Ba ta mai da maci amana mai gaskiya.

Ba ta koya wa mutum harafi in bai zo cibiya ba. Wanda bai san "ba" da "ta" ba, maɓallanta duk ɗaya ne a idonsa.

Ba ta kawo intanet da kanta. In garinku babu rezo, babu intanet. In akwai, sai an sayi kiredi.

Ba ta buga takarda. Wannan aikin wani inji ne dabam, mai cin tawada da takarda.

Mai araha kuma ba ta ɗaukar aiki mai nauyi. In an buɗe mata abubuwa da yawa lokaci guda, sai ta tsaya kamar jakin da aka yi wa lodin raƙumi.

In aikinka kira ne da saƙo da jin labarai da karɓar kuɗi, salula ta ishe ka. Kada ka sayi amalanke don ɗaukar dami ɗaya.

MAGANAR WUTA

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Sabon batir yana yin awa kaɗan. Na ta hannu wani lokaci ko awa ɗaya ba ya kaiwa. In kana cikin gari mai wutar NIGELEC, da sauƙi. In kana ƙauye ko ruga, sai ka yi tanadi.

Ana auna cin wuta da wat. Ƙaramar kwamfuta tana cin wajen wat 15 zuwa 45, gwargwadon aikin da take yi. Ƙaramin panno na cajin salula, mai wat 5 ko 10, ba ya isar ta. Ana bukatar panno mai wat 50 ko fiye, da batir na ajiye wuta, da akwatin da ke juya wutar batir ta dace da na'urar.

Kada a haɗa kwamfuta kai tsaye da panno ko da batirin mota. Za ta ƙone. Kada a yi mata aron caja wadda ba irin tata ba. In hadari ya taso da tsawa, a cire ta daga wuta.

ABOKAN GABA UKU: ZAFI, ƘURA, RUWA

Yawancin kwamfutoci an yi su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Damargu, da bazara zafi yana wuce 40. Saboda haka a yi aiki da ita da safe ko da dare, cikin inuwa. Kada a bar ta cikin mota a rufe, ko bisa kwano a rana.

A ƙarƙashinta da gefenta akwai ƙananan kafofi. Ta nan take shan iska. Kada a ɗora ta bisa katifa ko bargo ko yashi, kafofin za su toshe. A ɗora ta bisa tebur ko allo.

Lokacin hazo da iskar hunturu, ƙura tana shiga ko'ina. In an gama aiki, a rufe ta, a naɗe da tsumma mai tsabta, a sa cikin jaka ko akwati. A share maɓallai da busasshen ƙyalle.

Kada a sha shayi ko fura kusa da ita. Kofi ɗaya in ya zube, kuɗin tumaki sun tafi.

Akwai kuma cutar da ba a gani. Tana shiga ta kile, wato ƴar ƙaramar ma'ajiyar da ake sokawa a gefe. Kilen da ya zaga shagunan tura finafinai yakan ɗauko ta. Ƙungiya ta sayi kilenta biyu, kada ta ba da aro. Kowane mako a kwafe lissafi a ciki, a ajiye ɗaya gidan ma'aji.

Kuma kada a jefar da kaye da bik. Abin da aka sa a na'ura, a bar shi rubuce a kaye. Ranar da ta mutu, kaye ne shaida.

IN ZA A SAYA, ME ZA A DUBA?

Ba a cinikin biri a sama. Ko a kasuwar Dole ta Damagaram ne, ko a Maraɗi, ko a Kano, kada ka aika kuɗi a kan hoto. Ka tafi da wanda ya san ta, wanda ka yarda da shi, ba yaron mai shago ba. Ku duba waɗannan:

1. Masussuka. Kada ta kasa jiga 4. In an samu jiga 8, ya fi.

2. Rumbu. Mai jiga 32 yana cika nan da nan. A nemi 128 ko fiye. A tambayi irinsa. Tsohon iri faifai ne mai juyawa a ciki, girgizar hanya tana lalata shi. Sabon iri, mai suna SSD, ba abin da ke motsi cikinsa. Shi ya dace da hanyoyinmu, kuma ya fi sauri.

3. Batir. A cika shi, a cire daga wuta, a kunna majigi. Ku zauna rabin awa ku ga nawa ya sauka. In mai shago ya ƙi, ku tashi.

4. Gilashi. A duba tsaga, da layi, da baƙin ɗigo.

5. Maɓallai. A taɓa su duka, ɗaya bayan ɗaya. A dubi layin haruffa na sama. In ya fara da A Z E R T Y, na Faransanci ne, shi ake aiki da shi a birorinmu. In ya fara da Q W E R T Y, na Ingilishi ne.

6. Haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ba sa jikin maɓallai. Amma ana iya sa wa na'urar tsarin da zai fito da su. A ce a sa shi tun a shago, a nuna muku yadda ake yi. In ba haka ba, za ka rubuta ƙura, mai karatu ya ga kura.

7. Tsarin da ke tuƙa ta. Tsofaffi da yawa suna ɗauke da Windows 10. A watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da shi kamar da. Yana aiki, amma kariyarsa tana raguwa in ana shiga intanet. Akwai kuma wata iri mai araha ƙwarai, Chromebook. Yawancin aikinta da intanet ne. Ba ta dace da garin da babu rezo ba.

8. Kayan rubutu da lissafi. Akwai na kyauta, kamar LibreOffice. A sa su tun a shago.

9. Takardar ciniki. A rubuta sunan mai shago, da kuɗi, da lambar da ke ƙarƙashin na'urar, da kwanakin da za a iya mayar da ita. Wadda aka kawo maka a ɓoye da arha mai ban mamaki, ka guje ta. Tana iya zama ta sata.

MU YI LISSAFI

Ga misali don aikin allo. Lambobin nan ba farashin kasuwa ba ne. Ku tambayi na yau, ku sa a madadinsu.

Kwamfuta: jika 80
Panno da batir da akwatin juya wuta: jika 60
Jaka da kile biyu: jika 10
Kuɗin mota da na koyon aiki: jika 20
Ajiya don gyara da sabon batir: jika 30

Jimla: jika 200.

Kun gani? An ce mana jika 80, ga shi mun kai 200. Kuɗin saye ko rabi ba su kai ba. Wanda ya sayi doki, ya sayi ciyawa.

Yanzu mu raba. In mutum ɗaya ne, jika 200 duk a wuyansa. In ƙungiya ce mai mutum 50, kowa jika 4. Kuma pannon zai yi cajin salula, ya ba cibiya fitila da dare.

TO, WA YA KAMATA YA SAYA?

Ɗalibin da ya kai jami'a ko makarantar koyon sana'a, in malamansa sun ce ana bukata, a taimaka masa. Mai araha mai lafiya ta ishe shi rubutu da karatu. Yaron firamare kuwa, littafi da fitila da cikakken ciki sun fi masa amfani.

Ƙungiyar da lissafinta ya yi yawa, kaye ya fara kasawa, ta yi shawara a taro. In an yarda, a rubuta doka: wa zai riƙe, ina za a ajiye, wa zai biya in ta lalace. A koya wa mutum biyu ko uku, har da mace. In mutum ɗaya ne ya iya, ranar da ya tafi ci-rani aiki ya tsaya. Kuma lissafin da ido ɗaya ke gani, zargi ba ya rabuwa da shi.

Magidancin da ke son ta don a ce yana da ita, ya bar tumakinsa su haihu. Kada a taɓa gero na ci ko na iri saboda ita.

Kafin a fitar da ko dala, a amsa tambaya uku. Wane aiki za ta yi mana kowane mako? Ina wutar da za ta ci? Wa ya iya ta, kuma wa zai gyara ta? In amsa uku sun samu, kwamfuta mai araha riba ce. In ɗaya ta ɓace, a dakata tukuna.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne. Amma mu ba ado muke nema ba, aiki muke nema. Mabuɗin aikin kuwa yana hannunku, shi ne harafin da kuke koyo a cibiya. Wanda ya iya rubuta sunansa a allo yau, gobe zai rubuta shi a salula, jibi a kwamfuta.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Wane lissafi ne ya fi kawo gardama a ƙungiyarku?
2. A misalin da ke sama, in mambobi 40 ne, nawa kowa zai biya?
3. Mutum nawa ne a garinku, maza da mata, za su iya riƙe lissafi a kaye yau?

Ku tattauna da malaminku. Ku rubuto mana amsa da hannunku. In garinku akwai wanda ya sayi irin wannan na'ura, ku ba mu labarin abin da ya gani, daɗi ko wuya, don sauran ƴan'uwa su ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.